Cin Rani: Abubuwan da Ya Kamata Mai Neman Aikin Wucin Gadi Ya Sani Kafin Ya Bar Gida

Gabatarwa

A kowace shekara, da zarar an kammala girbi an kai amfanin gona rumbu, tashoshin motar wannan jiha tamu kan cika maƙil da matasa da magidanta masu shirin tafiya cin rani. Wasu kan nufi Legas da Ibadan da Fatakwal da Anaca, wasu Abuja da Kaduna da Kano, wasu kuma kan tsallaka iyaka zuwa ƙasashen maƙwabta. Burinsu shi ne su yi amfani da watannin da gona ba ta buƙatar hannunsu su samo abin da za su rufa wa kansu da iyalinsu asiri, su kuma bar hatsin da ke rumbu ya kai gidan zuwa wata kakar.

Mu a wannan sashe na yaɗa labarai muna kallon cin rani a matsayin halastacciyar hanyar neman na kai wadda ta daɗe tana tallafa wa ƙauyukanmu. Sai dai kowa ya san wani da ya tafi ya dawo da kuɗin taki da na aure, ya kuma san wani da ya dawo da bashi da ciwo, ko wanda har yau ba a ji ɗuriyarsa ba. Sau da yawa bambancin da ke tsakaninsu yana komawa ne ga abin da kowannensu ya tsara tun yana gida. Saboda haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayani a kan shirin tafiya, da masauki, da yarjejeniyar aiki, da ajiyar kuɗi, da kuma ranar dawowa, wadda a ganinmu ita ya kamata a fara tsayarwa kafin komai.

Asalin al'adar da yadda ta sauya

Cin rani ya girmi kowa a cikinmu. A arewacin ƙasar nan damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, don haka manomin da ba shi da fadama yakan zauna fiye da rabin shekara ba tare da cikakken aiki ba. Tun zamanin fatake mutanenmu ke bin ayari zuwa Gwanja neman goro, masu sana'ar hannu irin su dukanci da ƙira da wanzanci kuma suna zaga garuruwa da kayan aikinsu. Da Turawan mulkin mallaka suka ɗora haraji na tsabar kuɗi, layin dogo kuma ya iso Kano a 1911, sai tafiyar ta ƙara yawa: wasu suka nufi haƙar kuza a Jos, wasu gonakin koko a ƙasar Yarabawa da ƙasar da ake kira Ghana a yau, wasu kuma dakon buhunan gyaɗa a Kano. Unguwannin Sabo da Zango da ke garuruwan kudu sun bunƙasa ne da irin wannan kai da komo, kuma Sabon Ibadan, alal misali, tun 1916 aka kafa ta.

A wancan zamani ɗan cin rani ba ya tafiya da ka. Akwai maigidan da zai sauka a wurinsa, wanda ya san mahaifinsa ko dagacin garinsu, shi zai ba shi wurin kwana, ya haɗa shi da mai aiki, ya ajiye masa kuɗi, ya kuma tsaya masa idan rigima ta taso. A yau mota da wayar salula sun sauƙaƙa tafiya, har yaro kan iya yanke shawara da safe ya kama hanya da yamma, amma wancan tsari na mai tsaya wa baƙo ya yi rauni. Bugu da ƙari, birane sun cika, dokokinsu sun tsananta, kuma kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Wanda zai tafi a yau yana buƙatar shiri fiye da wanda kakansa ya buƙata.

Lissafi kafin tashi

Matakin farko shi ne a zauna a yi lissafi, da takarda ko da baki a gaban wani babba. Daga farkon Disamba zuwa ƙarshen Afrilu kwana 151 ne, amma ba dukkansu ne ranakun samu ba. Sai an cire kwanakin hanya, da kwanakin neman aiki bayan an sauka, da ranakun hutu, da ranakun da jiki zai ƙi, da ranakun da za a fita a dawo hannu rabbana. Mu ɗauka, don misali kawai, mutum ya samu aiki na kwana 100, kuma a kowace rana bayan ya ci abinci ya biya wurin kwana da wanka yana iya ajiye naira 2,000. Abin da zai tara shi ne naira 200,000, kuma daga ciki ne zai cire kuɗin motar zuwa da dawowa da duk bashin da ya ci don tafiyar. Idan abin da ya rage bai fi abin da zai samu a ƙwadagon noman rani kusa da gida ba, to tafiyar ba ta da riba.

Har ila yau, muna jan hankalin magidanta da kada su sayar da hatsin gida ko dabbar noma don haɗa kuɗin mota. Wanda ya sayar da gero a kaka lokacin da yake da arha, shi zai sake sayensa a tsakiyar damina lokacin da ya yi tsada. Ya kamata a auna abincin da zai ishi iyali har zuwa dawowa, a bar kuɗin cefane na makonnin farko tun da aike ba ya fara zuwa nan take, a kuma wakilta wani ɗan'uwa amintacce wanda zai riƙa leƙa gidan, ya kai mara lafiya asibiti, ya tabbatar yara suna zuwa makaranta.

Takardun shaida

Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zirga-zirga da zama a duk inda ya so a cikin ƙasar, sashe na 42 kuma ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko wurin da ya fito. Amma a bakin shingen bincike, wanda ke da shaida a hannunsa shi ke saurin wucewa. Don haka muna shawartar kowane matafiyi ya mallaki lambarsa ta ɗan ƙasa, wato NIN, wadda hukumar NIMC ke bayarwa, ya riƙe takardarta tare da shi. Idan yana da katin zaɓe da takardar shaidar ƙaramar hukuma, su ma ya haɗa da su. Yana da kyau a yi kwafinsu a bar ɗaya a gida, a kuma rubuta lambobin waya na mutum biyu ko uku a takarda a sa a aljihu, domin waya tana iya ɓacewa ko cajinta ya ƙare.

Layin wayar da za a yi amfani da shi ya kasance mai rajista da sunan mai shi. Sayen layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani yana iya jefa mutum cikin laifin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wasu jihohin kuma suna da tsarin rajistar mazauna, kamar hukumar LASRRA ta jihar Legas, kuma wanda zai daɗe a can ya kyautu ya nemi bayani a kai.

Ga masu tsallaka iyaka, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasar juna ba tare da biza ba har tsawon kwana 90, matuƙar suna da sahihiyar takardar tafiya. Sai dai ƙasashen Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, Kamaru da Chadi kuwa dama ba sa cikinta. Saboda haka mai niyyar zuwa ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe ya fara biyawa ta ofishin hukumar shige da fice ya ji abin da ake buƙata, ya kuma bi ta ƙofar iyaka da hukuma ta sani.

A kan hanya

Don neman sauƙin kuɗin mota, da yawa daga cikin matasanmu kan hau saman tirelar da ta ɗauko shanu ko buhunan albasa, su yi tafiyar kwana biyu cikin sanyi da rana. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta sha yin gargaɗi a kan haɗa mutane da kaya ko dabbobi a mota ɗaya, domin idan irin wannan mota ta faɗi, waɗanda ke samanta ne ke fara rasa rayukansu, sau da yawa kuma babu takardar da ke ɗauke da sunayensu. Wanda ya shiga mota a tasha kuwa, ana rubuta sunansa da lambar ɗan'uwansa, kuma 'yan yuniyon sun san direban.

Akwai kuma batun zargi. A watan Agustan 2019 jami'an jihar Legas sun tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 daga jihar Jigawa tare da babura 48, aka tsare su aka yi musu tambayoyi kafin a sake su. A watan Maris na 2025 kuma aka kashe matafiya 16 a garin Uromi na jihar Edo, mafarauta ne da suka taso daga Fatakwal za su koma gida jihar Kano, bayan da aka ga bindigogin farauta a motarsu. Babu wani uzuri ga wannan ɗanyen aiki, kuma hukumomi a ko'ina sun yi tir da shi. Mun kawo shi ne don jama'a su fahimci irin zaman ɗar-ɗar da ake ciki a hanyoyi. Kada matafiyi ya ɗauki wani abu mai kama da makami, kayan aiki irin su gatari da adda da diga a ɗaure su wuri ɗaya a bayyana su ga direba da jami'an tsaro, a kuma guji tafiyar dare gwargwadon hali. Lambar neman agajin gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta hukumar kiyaye haɗurra kuma 122.

Masauki da mai tsaya wa baƙo

Hausawa sun ce baƙo makahon gari ne. Bai kamata mutum ya bar gida ba sai ya san sunan wanda zai sauka a wurinsa, ya yi magana da shi ta waya, iyayensa ko yayyensa su ma sun yi magana da shi. A yawancin garuruwan kudu akwai Sarkin Hausawa da masu unguwanni da shugabannin kasuwa, kamar yadda ake samu a Agege da Idi-Araba da kasuwar Mile 12 a Legas, ko Sabo a Ibadan da Shagamu. Ya kamata baƙo ya sa a kai shi ya gaishe su, a san sunansa da garinsu da sana'ar da ya zo yi. Ranar da aka yi kame a unguwa ko aka yi masa ƙazafi, waɗannan shugabanni ne za su iya zuwa ofishin 'yan sanda su ce sun san shi.

Kwana a kango ko ƙarƙashin gada ko cikin ginin da ba a kammala ba yana kama da tsimi, amma shi ke jawo sata da kame da ciwon sanyi. Gara mutum biyar ko shida 'yan gari ɗaya su haɗa kuɗi su kama ɗaki, su san wanda ya karɓi kuɗin hayar, su kuma karɓi rasit. Kazalika, baƙo ya girmama al'adun masu gari, ya kiyaye ranakun tsaftar muhalli da dokokin kasuwa, ya nisanci taron rigima ko da bai shafe shi ba. Rikicin kasuwar Shasha da ke Ibadan a watan Fabrairun 2021 ya faro ne daga saɓani tsakanin mutane ƙalilan, amma ya ƙare da asarar rayuka da ƙonewar shaguna da gidaje.

Yarjejeniyar aiki da abin da doka ta tanada

Babban kukan 'yan cin rani shi ne a yi aiki a hana su haƙƙinsu, kuma mafi yawan lokuta tushen matsalar shi ne an fara aikin ba a yi magana ta ƙare ba. Kafin a ɗaga diga ko a ɗauki kwanon kankare, ya wajaba a san amsar waɗannan tambayoyi: aikin yini ne ko jinga? Nawa ne kuɗin? Wa zai biya, mai ginin ko ɗan kwangila ko shugaban leburori? Yaushe za a biya? Abinci da wurin kwana suna ciki? A yi wannan magana a gaban shaidu biyu, idan da hali a rubuta, ko a tura ta a saƙon waya don ta zama hujja. A aikin jinga mai tsawo, kamar haƙar rijiya ko yankan bulo, a karɓi kafin alƙalami, a raba sauran biyan kashi kashi bisa ci gaban aikin. Lebura ya riƙe ɗan littafin da yake rubuta kwanakin da ya yi da abin da ya karɓa, kuma kada ya bari bashin lada ya taru ya wuce mako guda yana jiran a haɗa masa gaba ɗaya.

Dokar Ƙwadago ta tarayya ta tanadi abubuwa da dama da ya kamata ma'aikaci ya sani. Dole a biya lada da kuɗin ƙasa, kuma tsakanin biya da biya kada ya wuce wata ɗaya. Cikin wata uku da fara aiki, wajibi ne mai aikin ya ba ma'aikaci takarda mai bayyana irin aikin da yawan ladan da lokacin biya da sa'o'in aiki. Ma'aikaci yana da haƙƙin hutun yini guda a cikin kowane kwana bakwai. Idan za a raba gari, wanda bai wuce wata uku yana aiki ba ana ba shi sanarwar yini guda, wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba kuma sanarwar mako guda. Haka nan Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, ta haɗa har da ma'aikatan wucin gadi idan suka ji rauni a bakin aiki.

A nan ya kamata mu yi wani ƙarin haske. A watan Yulin 2024 aka sa hannu a kan dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata. Amma dokar ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ko masu aikin jinga da kamasho, ko aikin da ke bin yanayin shekara kamar noma. Ke nan mafi yawan 'yan cin rani ba su cikin waɗanda ta shafa, kuma abin da zai kare su shi ne cinikin da suka yi da bakinsu a gaban shaidu.

Idan an hana mutum haƙƙinsa, kada ya ɗauki doka a hannunsa, kada kuma ya riƙe kayan mai aikin a madadin kuɗinsa, domin hakan kan mayar da mai gaskiya mai laifi. Ya fara kai kuka ga maigidansa da shugabannin sana'ar. Idan abin ya faskara, Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya tana da ofishi a jihohi, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, akwai kuma Hukumar Ba da Agajin Lauya ga marasa ƙarfi. Shari'ar da ta shafi aiki da lada tana zuwa ne gaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Sana'o'in da doka ta taƙaita

Sana'o'in 'yan cin rani suna da yawa: leburanci, dako, ga-ruwa, gadi, faskare, wankin takalma, yankan farce, sayar da shayi ko tsire, jari-bola da acaba. Ba kowace ce aka yarda da ita a ko'ina ba. An hana acaba a tsakiyar birnin Abuja tun 2006, jihar Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni a 2013, jihar Legas kuma ta haramta shi a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin 2022, wato Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da Lagos Island da Lagos Mainland, sannan ta ƙara wasu huɗu a watan Satumba na wannan shekarar. Hukumomin Legas sun murƙushe baburan da suka kama da yawa. Wanda ya sayar da gona ko ya karɓi babur a kan biyan balas ya nufi irin waɗannan wurare, yana iya rasa jarinsa a rana ɗaya bashi kuma ya hau kansa.

Masu jari-bola su yi hattara da sayen wayar lantarki ko murfin kwalbati ko ƙarfen layin dogo, domin kayan gwamnati ne kuma wanda aka kama da su shi ne ɓarawo a idon doka. Masu gadi su san sunan maigidan da cikakken adireshinsa, su kuma nemi a fayyace musu abin da aka damƙa a hannunsu. Masu sha'awar zuwa haƙar zinare su tuna da abin da ya faru a jihar Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga duwatsun da ake niƙawa a cikin gidaje ta hallaka ɗaruruwan yara, ban da ramukan da kan rufta da mutane da kuma 'yan bindigar da ke kewaye da wasu wuraren haƙar.

Masu yaudara da batun yara

Duk wanda ya ce a biya shi kuɗi kafin ya nuna wurin aiki, ko ya ce a ba shi katin shaida ya ajiye, ko ya yi alkawarin albashin da hankali ba zai ɗauka ba a wata ƙasa, to a yi taka-tsantsan da shi. Doka ta ce mai sana'ar ɗebo wa wasu ma'aikata sai ya mallaki lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago, kuma mai neman aiki yana da ikon ya nemi ganinsa. Hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 don yaƙi da fataucin mutane, ita ce ake kai wa rahoton irin waɗannan dillalai.

Muna kira na musamman ga iyaye game da 'yan mata ƙanana da ake turawa aikatau birni ta hannun wata dillaliya, wadda ita ke karɓar ladan, iyayen kuma ba su san gidan da 'yarsu take ba. Dokar Ƙwadago ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aiki, in ban da ƙaramin aikin gida ko na gona a hannun danginsa, ta kuma hana sa wanda bai kai 16 ba aiki a cikin rami ko a kan inji. Yaron da ke makaranta wurinsa aji ne, kuma 'yan kuɗin da zai aiko ba za su biya shekarar karatun da ya rasa ba.

Ajiya, aike da lafiya

Kuɗin da ke cikin lalita ko ƙarƙashin tabarma a ɗakin mutum goma ba ajiya ba ce. Muna ba da shawarar a buɗe asusun banki da sunan mai kuɗin tun kafin a tashi, a riƙa zuba abin da aka samu duk mako. A wurin masu POS a karɓi rasit, a tabbatar da sunan wanda za a tura wa kafin a danna, kuma kada a faɗa wa kowa lambar sirri ta kati ko lambar da banki ya turo ta waya, ko da mai kiran ya ce shi ma'aikacin banki ne. Adashi yana da amfani idan uwar adashin ko uban adashin sananne ne mai mazauni, kuma ya kamata ɗan cin rani ya tsara ɗaukarsa ta faɗo kafin ranar tafiyarsa gida. Ya raba samunsa gida uku: na ci, na aike, da na damina wanda ba a taɓawa, wato kuɗin taki da iri da ƙwadago.

Jarin lebura jikinsa ne. Ƙwayoyin da wasu ke sha don su jure aiki, irin su tramadol, suna ɓoye gajiya ne kawai, daga baya su bar mutum da jaraba da ciwo da kuma hukuma a bayansa. Cunkoso a ɗaki mara iska a lokacin zafi yana taimaka wa yaɗuwar sanƙarau da tarin fuka. Wanda ya yi mako biyu yana tari ya je asibiti a gwada shi, domin maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka keɓe. A kula da ruwan sha, a kwana cikin gidan sauro musamman a kudu inda sauro ba ya ɗaukewa, magidanci kuma ya kame kansa don kada ya kai wa iyalinsa cutar da bai bar gida da ita ba.

Aikin da ke kusa da gida

Ba dole ne sai an ƙetare Kwara kafin a samu aikin rani ba. Madatsun ruwa irin su Tiga a Kano, da Bakolori a Zamfara, da Goronyo a Sakkwato, da Dadin Kowa a Gombe, da kwarin Haɗeja a Jigawa, sun buɗe filayen noman rani masu buƙatar hannaye wajen dashen shinkafa da ban ruwa da cirar albasa da tsinkar tumatir. Ladan yini a nan yana iya gaza na Legas, amma kuɗin mota kaɗan ne, abinci da masauki suna da sauƙi, kuma mutum yana iya leƙa gida idan wani abu ya taso. Akwai kuma Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, wato NDE, da ke da ofisoshi a jihohi tana koyar da sana'o'i. Matashin da ya ba da rani ɗaya ko biyu ya koyi birkila ko walda ko gyaran famfo, idan ya tafi daga baya zai tafi a matsayin mai sana'a, kuma ladansa ya fi na mai ɗaukar kwano.

Ranar dawowa

Abin da ya raba cin rani da ƙaura shi ne dawowa. A yankinmu ruwan shuka kan sauka ne tsakanin ƙarshen Mayu da watan Yuni, a can ƙuryar arewa ma yakan kai farkon Yuli, kuma kafin nan akwai sharar gona da kai taki da gyaran garma. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ana kuma yaɗa shi a gidajen rediyo. Manomi ya saurara, ya tsayar da ranar dawowarsa aƙalla mako biyu kafin lokacin da ake sa ran ruwa, ya kuma sanar da mai aikinsa da wuri don a yi lissafi a biya shi cikin natsuwa. Wanda ya tsaya neman ƙarin kuɗin mako uku ya rasa shukar farko, yana iya asarar abincin da kuɗin wata uku ba za su saya ba.

Akwai kuma waɗanda kunya ke hana su dawowa saboda ba su samo komai ba, sai shekara ta zama biyu, mata da yara suna zaune babu labari. Muna roƙon iyaye da dangi su sassauta wa irin waɗannan, su nuna musu cewa dawowarsu lafiya ta fi tsarabar da za su kawo.

Kammalawa

Muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni su riƙa sanin matasan da suka fita daga yankunansu, da garin da suka nufa, da sunan wanda za su sauka a wurinsa. Shugabannin tasha su tabbatar ana rubuta sunayen fasinjoji. Waɗanda suka iya karatu kuma su karanta wa 'yan'uwansu wannan bayani a majalisa da dandali da bakin kasuwa tun kaka ba ta wuce ba. Mai buƙatar ƙarin bayani yana iya tuntuɓar jami'in yaɗa labarai a sakatariyar ƙaramar hukumarsa. Muna yi wa dukkan matafiyanmu fatan zuwa lafiya da dawowa lafiya, su tarar da iyalinsu cikin alheri, gonakinsu kuma suna jiran shuka.